Kuskuren Magani: Ƙaddara Ba Ta Goge Haƙƙin Wanda Aka Cutar



Yau da tambaya zan fara. Idan aka kwantar da wani daga gidanku a asibiti, wa ake turawa jinya? Wa ke shimfiɗa tabarma a baranda ya kwana sauro na cizonsa? Wa ake miƙa wa 'yar takarda da ƙarfe biyun dare a ce maza je kemis ka sayo wannan allurar? Ka san amsar: kai ne, ɗan'uwa matashi, ko ke 'yar'uwa. Baba ne ke biyan kuɗi, amma kai ne ke tsaye lokacin da ake ɗaura ruwa, kai ne ka ga kwalbar da aka fasa, kai ne ka san ƙarfe nawa jikin ya rikice. Shi ya sa maganar yau taka ce tun kafin ta zama ta lauyoyi.

Duk mun saba jin irin waɗannan kalamai a unguwa: "Ai allura ce ta shanye masa ƙafa." "Tun da aka yi mata wata allura tana ƙarama ta daina ji." "Magani aka ba shi ya fi ƙarfinsa." Ana faɗa ana wucewa, kamar ana ba da labarin ruwan da aka yi jiya. Idan rai ne ya salwanta, a yi zaman makoki na kwana uku, a ce kwana ne ya ƙare, shi ke nan. Ba wanda zai koma asibitin ya tambayi me ya faru, balle a rubuta, balle a gyara. Wanda ya yi kuskuren kuwa washegari yana bakin aikinsa, wataƙila ma bai san abin da hannunsa ya jawo ba.

Ra'ayina a nan a fili yake. Wanda kuskuren magani ya illata yana da haƙƙi. Neman wannan haƙƙi bai saɓa wa yarda da ƙaddara ba. Kuma sau da yawa haƙƙin yana mutuwa ne tun a kwanakin farko, a hannun mai jinyar da bai san abin da ya kamata ya adana ba.

Kada ka ɗauka matsalarmu ce mu kaɗai. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da wani shiri na musamman a kan wannan batu, inda ta ƙiyasta cewa kuskuren magani yana cin dala biliyan 42 a duk shekara a faɗin duniya. A Ingila ana yi, a Amurka ana yi. Bambancin shi ne a can ana rubutawa, ana bincike, ana biyan diyya. Mu kuma a nan muna binne kuskuren tare da mamacin.

Wanne ne kuskure, wanne ne ba kuskure ba?

Mu fara yi wa ma'aikatan lafiya adalci. Ba duk wanda ya sha magani jikinsa ya rikice ba ne aka yi wa sakaci. Kowane magani yana da illolin da aka san shi da su. Da yawanmu mun san ƙaiƙayin da kulorakwin ke sa wa, masu shan maganin ciwon daji kuma gashinsu kan zube. Idan maganin da aka ba mutum shi ne ya dace da ciwonsa, adadin daidai ne, an tambaye shi abin da ya kamata a tambaya, an kuma gargaɗe shi, sai jikinsa ya ƙi karɓa ta hanyar da ba wanda zai iya hangowa, to wannan jarrabawa ce, babu wanda za a kama.

Kuskuren da muke magana a kai daban ne. Likita ya rubuta wani magani, mai bayarwa ya kasa karanta rubutun, maimakon ya koma ya tambaya sai ya yi kirdado ya ba da wani. A ba yaro ɗan shekara biyu adadin da ake ba babba, ba tare da an ɗora shi a kan sikeli ba, alhali maganin yara da nauyinsu ake auna shi. Majinyaci ya faɗa da bakinsa cewa fenisilin ba ya karɓarsa, an rubuta a fayil, amma aka zo aka yi masa. A yi ta yi wa mutum allurar jentamaisin kwana da kwanaki ba a duba lafiyar ƙodarsa ba, alhali duk wanda ya karanci magani ya san tana iya kashe ji, tana iya taɓa ƙoda. A soka allura a ɗuwawu a inda bai dace ba, ta sami babbar jijiyar da ke gangarawa ƙafa, yaro ya tashi yana jan ƙafa har abada. A yi wa mai ciki allurar naƙuda a ɗaki, ba mai lura da ita, har mahaifa ta fashe. A ba mai gyambon ciki ko mai ciwon ƙoda diklofenak kamar ana raba alewa. Ko mai kemis, wanda lasisinsa na sayar da ƙananan magunguna ne kawai, ya ja labule a bayan shago ya riƙa ɗaura wa mutane ruwa.

Ma'aunin da kotu ke amfani da shi mai sauƙin fahimta ne: da wani ma'aikaci mai irin iliminsa, mai kula da aikinsa, ne ya tsinci kansa a wannan hali, haka zai yi? Idan amsar a'a ce, to an yi sakaci.

"Haka Allah ya ƙaddara"

Na san abin da za a fara ce maka a gida idan ka ta da maganar. "Kai yaro, ka fi Allah sani ne? Ƙara za ta dawo da shi?" Gaskiya ne, ƙara ba ta dawo da mamaci, kuma babu abin da ke faruwa sai da sanin Allah. Amma ka duba yadda muke yi a wasu wuraren. Idan direban tirela ya yi gudun ganganci ya take ɗan acaɓa, ai mun yarda ƙaddara ce, amma muna zuwa wurin 'yan sanda, ana kiran mai motar, ana zaman diyya. Ba wanda ke cewa dangin mamacin sun yi jayayya da Ubangiji. To me ya sa idan sakacin ya zo a cikin sirinji sai mu ce neman bahasi rashin tawakkali ne?

Addinin da ake kafa mana hujja da shi ma bai ce a yi shiru ba. Aya ta 92 a cikin Suratun Nisa'i ita ce ta ɗora diyya a kan kisan kuskure, wato wanda aka yi ba da niyya ba. Akwai hadisi sananne da ya ɗora lamuni a kan duk wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin hakan ba. Ibnu Rushd, babban malamin Malikiyya na Andalus, ya kawo a littafinsa Bidayatul Mujtahid cewa malamai sun haɗu a kan likitan da ya yi kuskure diyya ta hau kansa. Ka ga ashe tun ƙarnoni da suka wuce malamanmu sun raba tsakanin yarda da hukuncin Allah da kuma barin haƙƙin bawa ya tafi a banza. Mu ne muka cakuɗa su, kuma in za mu faɗa wa kanmu gaskiya, kunya da tsoron masu farin kaya sun fi tawakkali yawa a cikin shirun namu.

An taɓa yi, kuma an ci nasara

Wani zai ce ai a Najeriya talaka ba ya kayar da asibiti a kotu. Da wuya, na yarda, amma an yi.

A Jos, wani sufeton 'yan sanda ya je asibitin gwamnati neman maganin ciwon huhu, aka yi masa allurai, ya fito kurma. Hukumar kula da asibitocin Jihar Filato ta kafa kwamitin bincike, kwamitin ya gano cewa alluran ne suka jawo. Mutumin ya shigar da ƙara, kotu ta ba shi gaskiya ta yanke a biya shi Naira 300,000. Hukumar ta yi ta ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli, a 2012 Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da nasararsa. Hujjar kotu ita ce, mutum ya shiga asibiti da kunnensa garau ya fito ba ya ji, to asibiti ne ya kamata ya yi bayanin yadda hakan ta faru ba tare da sakaci ba. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba idan aka kwatanta da rashin ji na har abada, shari'ar kuma ta ci shekaru. Amma hukuncin ya zama madogara ga duk wanda zai zo bayansa. Ka lura da abin da ya taimake shi: akwai rubutaccen rahoto.

A ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009, maganin fitar haƙori na yara mai suna My Pikin ya kashe yara aƙalla 84 a ƙasar nan, ciki har da waɗanda aka kai asibiti a Zariya. An gano cewa an haɗa shi da wani sinadari mai guba, irin wanda ake sakawa a man birkin mota, wanda ke lalata ƙoda. Hukumar NAFDAC ta gurfanar da kamfanin, a 2013 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta ɗaure ma'aikatansa biyu shekara bakwai-bakwai. Me ya kama su? Kwalaben maganin da aka kai ɗakin gwaji.

Sai kuma wanda mutanen Kano ba za su manta ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer na Amurka ya yi gwajin wani sabon magani mai suna Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara 200 aka saka a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye sun ce ba a yi musu bayani an nemi yardarsu ba, kamfanin kuma ya musanta aikata laifi, ya ce cutar ce ta yi ɓarnar. Bayan doguwar shari'a a nan gida da Amurka, a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Amma sai a 2011, shekara 15 bayan faruwar abin, aka fara biyan iyalai huɗu na farko dala 175,000 kowannensu, bayan an yi musu gwajin ƙwayar halitta don tabbatar da cewa yaran nasu ne. Waɗanda suka fito neman diyya sun ninka adadin yaran da aka yi gwajin da su, sai tantance mai gaskiya ya zama aiki ja. Darasin a nan shi ne, ko an yarda za a biya, sai ka iya nuna cewa kai ne.

Abin da kotu za ta tambaye ka

Alƙali ba ya aiki da hawaye. Abubuwa huɗu zai nema. Na farko, shin wanda kake ƙara yana da alhakin kula da majinyacin? Kati, rasit ko takardar magani su ke nuna wannan. Na biyu, shin ya kauce wa yadda ƙwararru ke yin aikin? Na uku, shin kaucewar ce ta jawo illar, ko kuwa ciwon da ya kai mutum asibiti ne ya yi halinsa? Nan ne yawancin ƙararraki ke faɗuwa. Na huɗu, mece ce asarar? Kuɗin magani, aikin da aka rasa, nakasa, raɗaɗi, ko rai.

Na biyu da na uku galibi sai da shaidar wani ƙwararre, likita ko masanin harhaɗa magunguna, wanda zai duba takardu ya ce ga inda aka kauce. A 2006 Kotun Ƙoli ta kori ƙarar wata mata da allurar ɗinki ta karye a cikinta lokacin tiyata a Benin, kuma daga cikin abin da ya kayar da ita har da rashin kawo ƙwararren da zai ba da shaidar cewa sakaci ne. Shi kuwa ƙwararre ba boka ba ne. In ba ka kawo masa komai ba, ba abin da zai duba.

Aikinka a kwanakin farko

Kafin komai, ceton rai. Idan ka ga jikin majinyaci ya canza bayan an ba shi magani, kamar kumburin fuska, sarƙewar numfashi, ƙuraje masu saɓule fata, ɗaukewar fitsari ko fita hayyaci, ka kira ma'aikaci nan take. In a gida ne, a dakatar da maganin a garzaya asibiti, a tafi da kwalinsa. Rigima ta jira.

Bayan nan, kada ka zubar da komai. Kwali, kwalba, ragowar ƙwayoyi, ledar da aka rubuta yadda za a sha, duk ka haɗa ka ajiye. A jikin kwalin akwai lambar rajistar NAFDAC, lambar rukunin da aka sarrafa shi a ciki, da ranar da zai lalace. Wayar nan da kake ɗaukar hoton biki da ita, ka ɗauki hoton takardar magani tun kafin ka miƙa ta a kemis, domin sau da yawa ba ta dawowa. Ka nemi rasit ko da maganin na Naira 500 ne. In ta waya ka tura kuɗin, ka adana shaidar.

Ka samu ɗan littafi ka riƙa rubutawa: rana, lokaci, sunan magani, wanda ya bayar, da abin da ya biyo baya. Yau kana ganin ba za ka manta ba, amma bayan wata shida ko ranar ba za ka iya kawowa daidai ba. Ka riƙe sunan wanda ke wurin lokacin da abin ya faru, ko da mai jinyar gadon kusa ne.

Sannan ka rubuta wa shugaban asibitin takarda, cikin ladabi, kana neman rahoton abin da aka yi wa majinyacin da kwafin bayanansa. Ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa a ɗaya ka riƙe. Wannan ba roƙon alfarma ba ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa asibiti ya adana bayanan kowane majinyaci, ta ba majinyaci damar a sanar da shi halin da yake ciki da haɗarin maganin da za a yi masa, ta kuma ba kowa damar kai koke a bincika. Kundin haƙƙoƙin majinyata da Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar a 2018 ya ƙara jaddada cewa kana da damar ganin bayananka. Idan rasuwa aka yi, mun san al'adarmu da addininmu na gaggauta jana'iza, amma karɓar takardar da ta faɗi musabbabin rasuwa ba zai jinkirta sutura ba. Wani ya tsaya ya karɓa.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi kayar da mutane: lokaci. Akwai dokar kare jami'an gwamnati wadda ta ce duk mai ƙarar jami'i ko hukumar gwamnati a kan abin da ya shafi aikinsu, ya shigar da ƙarar cikin wata uku. Wasu asibitocin ma dokar da ta kafa su ta ce sai an ba su rubutaccen gargaɗi kafin a kai su kotu. Wata uku fa! Mu kuwa kafin a gama karɓar gaisuwa, a yi sadakar arba'in, a jira kawu ya dawo daga tafiya a yi shawara, lokaci ya wuce. Akwai 'yan hanyoyin da lauya kan bi ya kauce wa wannan shinge, amma kada ka dogara da su. Ka ga lauya a makonnin farko, ko da ba ku yanke shawarar zuwa kotu ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƙofofin da za ka ƙwanƙwasa

Ba kowace magana ce sai ta kai gaban alƙali ba. Ka fara da asibitin kansa. Asibitocin tarayya suna da teburin SERVICOM na karɓar koke, na jiha kuma suna ƙarƙashin hukumar kula da asibitoci ta jihar. A Kano, asibitoci masu zaman kansu suna ƙarƙashin hukumar PHIMA.

Idan likita ne, akwai majalisar kula da likitoci ta ƙasa, wato MDCN. Ana kai mata koke ne a takardar rantsuwa, kwamitinta ya bincika, in ya ga akwai ƙamshin gaskiya ya tura wa kotun ladabtarwa ta likitoci, wadda ke iya yin gargaɗi, dakatarwa, ko soke sunan likita gaba ɗaya. Idan mai harhaɗa magani ne ko mai kemis, hukumar PCN ce ke ba su lasisi, ita ke karɓewa. Nas da ungozoma su ma suna da tasu majalisar. Idan kuma maganin ne kansa jabu, gurɓatacce ko wanda ya lalace, NAFDAC za ka nufa, har manhajar waya take da ita mai suna Med Safety ta kai rahoton illar magani. Hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya ta tarayya, FCCPC, ita ma tana karɓar koken majinyata.

Amma ka riƙe wannan: majalisun likitoci da na nas ladabtarwa suke yi, ba sa yanke diyya. Diyya tana fitowa ne daga kotu ko daga sulhu. Sulhu ba abin kunya ba ne, kuma ya fi sauri. Babbar Kotun Kano ma tana da sashen sasanci na musamman. Sai dai a yi shi a rubuce, da lauya ko shaidu, a faɗi nawa za a biya da yaushe, da wanda zai ɗauki nauyin jinyar da ke gaba. Kada a kira ku ofis a miƙa muku ambulan a ce ku sa hannu a takardar da ba ku karanta ba. In babu kuɗin lauya, ka gwada Hukumar Ba da Tallafin Shari'a, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA idan mace ce ko yaro abin ya shafa.

"Za ku kori sauran likitocin da suka rage"

Wannan ƙorafi ne mai nauyi, ba zan yi masa riƙon sakainar kashi ba. Likitocinmu da nas-nas ɗinmu na ta ficewa ƙasashen waje. Wanda ya rage yana duba layin da ba ya ƙarewa, nas ɗaya na riƙe da ɗaki guda da daddare, wani lokacin da fitilar waya. Mutumin da ya kwana biyu bai rintsa ba dole wata rana hannunsa ya kuskure. Kuma da yawa daga cikin masu karanta wannan fili su ne waɗannan ma'aikata, ko ɗalibai a makarantun koyon aikin lafiya.

To amma shirunmu wa yake amfana? Ba nas ɗin da ta gaji ba. Wanda ya bar ta ita kaɗai a ɗakin yake amfana. A doka, asibiti yana ɗaukar alhakin kuskuren da ma'aikacinsa ya yi a bakin aiki. Ma'ana, idan aka yanke diyya, mai asibitin ko hukumar gwamnati ce za ta ji a aljihunta. Ranar da rashin sikelin auna yara ya fara jawo wa hukuma asarar miliyoyi, ranar za a sayo sikeli. Muddin kuskure kyauta ne, ba mai kashe kuɗi don hana shi.

Kai kuma da ke sanye da farin kaya, rubutun nan da nake cewa a adana shi ne garkuwarka. Idan ka tambayi majinyaci ko akwai maganin da ba ya karɓarsa, ka rubuta. Idan ka auna yaro, ka rubuta. Idan rubutun likita ya shige maka duhu, ka koma ka tambaya, ko da zai harare ka. Ɗan'uwa mai tsaron kemis, abin da ya fi ƙarfin lasisinka ka ce a je asibiti. Cinikin Naira dubu biyu bai kai ran ɗan mutane ba.

Namu laifin

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ne ke shiga kemis mu ce "ba ni na zazzaɓi na ɗari uku, ka haɗa mini mai ƙarfi." Mu ne ke shan farasitamol, mu ƙara da maganin mura wanda shi ma akwai farasitamol a ciki, ba mu san muna dafa hantarmu ba. Mu ne ke ɓoye wa likita cewa an sha jiƙo da sassaƙe kafin a zo. Mu ne ke ba ƙane ragowar maganin yaya. Duk wannan, ban da haɗarin da ke cikinsa, yana raunana haƙƙinka, domin kotu tana rage diyya gwargwadon hannun da mutum yake da shi a abin da ya same shi.

Sannan don Allah mu bar ɗaukar doka a hannu. Dukan nas ko fasa gilashin asibiti ba ya tabbatar da komai, sai dai ya mayar da mai gaskiya wanda ake tuhuma. Haka nan hawa Facebook ko TikTok da hoton likita da sunansa ana kiransa makashi tun ba a bincika ba. Za ka samu masu tayawa na kwana biyu, daga nan a bar ka da ƙarar ɓata suna, ga dokar laifukan intanet ta 2015 tana jiranka. Hujjar da za ka watsa wa duniya, ka kai ta inda za ta yi aiki.

Yafiya tana da mazauninta

Ban ce kada a yafe ba. Yafiya halin manya ce, kuma akwai lada. Amma mai haƙƙi ne ke yafewa, bayan ya san abin da ya faru, ba tare da an taru a kansa an matsa masa ba. Abin da muke kira yafiya sau da yawa rufe baki ne: manya su zauna a zaure, a ce an bar wa Allah, alhali matar da aka bari da marayu huɗu ko tambayarta ba a yi ba. Ka tambayi malamai, haƙƙin maraya ba abu ba ne da kawu zai yafe da fatar baki. Yaron da ya kurumce yana da shekara uku, wa zai biya kuɗin makarantar kurame da na'urar ji? Wanda ƙodarsa ta lalace, ake masa wanki sau biyu ko uku a mako, waɗanda suka ce a yi haƙuri za su zo da kuɗin? Ko za ka yafe diyya, kada ka yafe bincike, domin wanda za a kwantar a gadon nan gobe bai ba ka izinin yafewa a madadinsa ba.

Ga 'yan majalisunmu kuma, musamman matasan cikinsu da suka zo neman ƙuri'unmu da sunan canji: ƙa'idar wata uku ba ta dace da wanda ke kwance yana jinya ko yake cikin makoki ba. A cire lamuran lafiya daga cikinta. A kuma tilasta wa kowane asibiti ya manna, da Hausa, inda ake kai koke da kwanakin da za a ba da amsa.

Kafin su yi nasu, kai ka yi naka. Duk lokacin da aka miƙo magani, naka ko na wanda kake jinya, ka yi tambaya huɗu: mene ne sunansa, na mene ne, nawa za a sha kuma sau nawa, wace alama ce in na gani zan dawo da gaggawa? Ma'aikacin kirki ba zai ji haushi ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ƙara wa ma'aikatan lafiyarmu basira da juriya. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.